Takalmi Mai Tsuwa

Idan ka zo gidana a Ikara, kafin ka gama sallama za ka ji wani abu yana tsuwa a tsakar gida kamar an taka ɗan tsako. Kada ka nemi kaji, ba ma kiwo. Takalmin autana ne, ɗan shekara biyu, irin wanda duk taku sai ya yi ƙara. Maigidana ya ce wanda ya ƙera shi ba shi da 'ya'ya, ko kuma yana da gaba da masu su. Ni kuwa duk abin da na gano a bana, babu wanda ya kama ƙafarsa.

Ni malamar firamare ce, uwar yara huɗu. Da can mai karatu ce ni ta gaske, wadda tuwo ke ƙonewa saboda shafi ɗaya. Da yara suka zo, sai karatuna ya koma na jikin kwalbar maganin tari da rubutun 'yan aji uku, wanda shi ma wani irin adabi ne mai sa hawaye. Ana haka wata abokiyar aikina ta nuna mini cewa yanzu a waya ake karanta littafi: wata mai murya ta zauna ta karanta, kai kuma ka toshe kunne da iyafis ka ci gaba da wanke-wanke. Na ji kamar an mayar mini da gonar da aka ƙwace. Ina tsintar shinkafa ana soyayya a kunnena, ina gugar kayan makaranta ana shari'ar gado. In labari ya gundure ni, in koma tsofaffin kaɗe-kaɗen garaya da kukuma, waɗanda da nake gani na tsofaffi ne. Ashe jira suke in iso. Har na gano akwai wata waƙar mai kukuma da tsawonta daidai yake da dahuwar taliya.

Amma tsuwar takalmin nan ba kicin take kai ni ba. Ƙauyenmu take kai ni, a ƙasar Makarfi, inda rake ya fi mutum tsawo.

Bayan girbi, in aka shiga saran rake, gidanmu yakan cika da ƙamshin mazarƙwaila har tufafinmu su riƙa danƙo. A bayan gida doki yake yini yana zagaye injin matsa, injin yana kuka, ruwan rake yana tafasa a babban kasko. Gaba da nan sai fadama, da rijiyoyin ban-ruwa waɗanda bakinsu daidai yake da ƙasa, ciyawa ta lulluɓe su. Babba ma sai ya san wurin.

Kakata, mahaifiyar babanmu, idonta ya riga ya yi rauni. A ƙofar ɗakinta take zama tana kaɗi, amma ba abin da ke motsi a gidan ba ta sani ba. Duk yaron da ya fara tafiya, sai ta ɗaura masa 'yar ƙararrawa a ƙafa, irin ta kayan doki, da zaren da ta kaɗa da hannunta. Ni ma na sa, aka cire aka sa wa na bayana. Takan ce ido gabansa kawai ya sani, kunne kuwa ba shi da ƙeya. Mun taso muna jin kacau-kacau har muka daina jinsa, kamar yadda mutum ba ya jin numfashinsa. Ita ce kaɗai ba ta taɓa dainawa ba.

A shekarar da ƙanina ya gaji ƙararrawar, baffanmu ya dawo daga Zariya da rakoda. Aka kife turmi aka ɗora ta, mata suna surfe suna bin amshi. Kakata ta saurara na ɗan lokaci, ta ce, "Wannan baƙon naka ba ya numfashi ne?" Aka yi dariya, aka ƙara murya.

Wata rana da hantsi, rakoda na yi, sai na ga mazarin kakata ya tsaya.

Ta ce, "Kashe."

Baffa ya ce, "Inna, yanzu fa ya zo wurin daɗin."

"Na ce kashe. Ina angon nawa? Ban ji ƙafarsa ba."

Aka kashe. Babu kacau a ɗaki, babu a zaure, babu a bayan rumbu. Dangar da ke kallon fadama kuwa akwai wata kafa da awaki suka yi. Mahaifiyata ta yar da taɓarya ta nufi kafar ko mayafi babu, kowa ya ɗauki kiran sunan yaron, ana gudu ana karo da juna. Sai kakata ta buga sandarta a ƙyauren ɗaki.

"Kowa ya tsaya inda yake. Ku rufe bakinku, kuna binne mini shi da hayaniya." Ta juyo wajena. "Ke, je ki ce su tsai da dokin."

Na ruga na faɗa. Aka riƙe doki, injin ya yi shiru. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, kuma ba na fatan in ƙara. Ina jin ƙudan zuma a kan tuƙar rake, ina jin ganye yana gogar ganye, ina jin mahaifiyata tana haɗiye kuka. Kowa ya san abin da ake jira: ko a ji ƙararrawa, ko kuwa ƙararrawar tana cikin ruwa.

Can sai muka ji. Kacau, ƙasa-ƙasa, sau ɗaya. Kakata, da aka riƙo hannunta zuwa bakin danga, ta miƙa sandar gabas. Ta ce wa babanmu, "Cire takalmi. Kada ka kira shi, in ka kira zai ɗauka wasa ne, ya ruga."

A bakin rijiya babanmu ya same shi, a tsugune, yana tsokanar kwaɗo da kara. Ta baya ya lallaɓa ya damƙo rigarsa. Ba a doki kowa ba ranar, ba a kuma yi wa'azi ba. Rakoda dai ta koma zaure, wurin maza, kuma ko can ba ta ƙara ɗaga murya ba.

To, ka san duk wannan na sani. Har labarinsa nakan ba ɗalibai. Sanin bai hana wata Asabar a damunar bana ta same ni ina wanki, kunne biyu a toshe, shari'ar gado ta kai wurin da za a kira mai shaida. Manyan yaran suna Islamiyya, maigida ya tafi Kudan gaisuwa. Ba hankalina ne ya dawo da ni ba, cajin waya ne ya ƙare. Muryar mai karatu ta yanke, sai na ji gidan. Shirun nan ne, na gane shi kamar fuskar tsohon maƙiyi. Ashe mai garuwa ya juye ruwa ya fita, ya bar ƙofa a buɗe, autana kuma ba ya tsakar gida.

Na fita kumfa har gwiwar hannu. A bakin ƙofa na tuna kakata, na tsaya cak, na kasa kunne. Me zan ji? Injin niƙa, janareta, babura suna wucewa a titi kamar an koro su. Kuma ko da garin zai yi shiru dungurungum, yaron ba abin da ke ƙafarsa. Ban ɗaura masa komai ba. Ga kwata cike da ruwan sama a hagu, ga titi a dama, ban san wanda zan fara dubawa ba, don duk wanda na zaɓa ina iya zama na bar shi a ɗayan.

A bakin titi na hango shi, a kan tankin babur, wani dattijon ɗan acaɓa ya riƙe shi da hannu ɗaya, yaron yana ta danna masa oda.

Dattijon ya ce, "Malama, naku ne?"

Na gyaɗa kai.

"Tsakiyar hanya na ɗauko shi. Na yi sallama a ƙofar nan har na gaji, na ce ko ba kowa." Ya dubi igiyar iyafis da ke reto a wuyana, bai ƙara komai ba. Da ma zagina ya yi.

Ranar kasuwa na je neman ƙararrawa. Mai kayan koli ya ce rabonsa da ita ya manta, amma ga takalmi. Ya matsa shi da yatsa, ya yi tsuwa, na ji hawaye ya zo mini a gaban mutane.

Kakata ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Doki ma an sallame shi, injin mai ne ke matsar rake, kuma shi ba a riƙe masa linzami a ce ya tsaya. Ban daina sauraren littattafai ba, ban daina kukuma ba, don ni ma mutum ce. Sai dai kunne ɗaya nake ba su, ɗayan na mai takalmi ne. Wancan littafin kam ban koma masa ba. Har yau ban san wanda ya ci gadon ba.

Yanzu ma da nake wannan rubutu ina jin sa, daga bakin randa zuwa gindin dalbejiya, daga nan ya nufi ƙofar kicin. Ya tsaya. Bari in tashi.