Dakta Lirwanu Kajiji da Ƙwan Kwaɗo

Haihuwa da Karatu

An haifi Lirwanu a Kajiji ta ƙasar Shagari a shekarar 1941, ɗa ga Malam Sodangi manomin albasa da Inno Laraba. Bayan ya sauke Alƙur'ani aka sa shi firamare a Bodinga, daga nan ya zarce har jami'a, inda ya sami digirin dakta a ilimin halittu a 1974. Ya auri Atika 'yar Sifawa a 1970.

Bincikensa

Tambaya ɗaya ce ta cinye masa rayuwa: yadda siririyar yanar da ke lulluɓe ƙwan kwaɗo take samuwa tun ƙwan yana cikin uwa. Shin ƙwan ne ke saƙa wa kansa riga, ko kuwa ƙwayoyin halittar da ke kewaye da shi? A 1979, lokacin da abokan karatunsa suka rungumi siyasa, shi ya naɗe wando ya shiga tafki, dangi suna jin kunyar a ce nasu ne.

Shekarun Tsanani

A 1982 aka shiga tsuke bakin aljihu, jami'ar da yake koyarwa ta rufe ɗakin bincikensa. Ya ajiye aiki cikin fushi, ya koma Kajiji da madubin ƙara girma nasa na kansa. Da aka yi fari a 1984 tafkuna suka ƙafe, sai ya haƙa rami a tsakiyar fadamar da ya gada, ya zuba kwaɗi, ya riƙa ba su ruwan rijiyar da ya kamata albasa ta sha. Albasa ta ƙone, gida ya koma cin tuwo sau ɗaya, Atika ta yi yaji har sau biyu. Da wansa Mainasara ya zo da dattawa don a cike ramin, amsarsa ita ce: "Albasa kowa na da ita. Ramin ga kam ba ni cike shi."

A daminar 1986 ya ga abin da yake nema: yanar tana fara tsirowa tsilli-tsilli a jikin ƙwan, sannan ta haɗe ta rufe shi. Ya yi imani ƙwan ne da kansa ke samar da ita, ya rubuta haka, amma bai sami inda za a buga masa ba, wannan kuwa ya yi masa ciwo ƙwarai.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa a Yunin 1989, aka yi jana'izarsa a Kajiji bayan la'asar. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: Husaini, Rahamatu, Safinatu da Mode. Ranar rabon gado Mainasara ya kawo shawarar a cike ramin kafin a yi wa fadamar kima. Atika, wadda ta fi kowa shan wahalarsa, ta ce a bar shi yadda yake, a fitar mata da tumuninta a daidai wurin.