Rupi Ɗayan Ustad Liyakat

Ustad Liyakat, wato gwani Liyakat, ya fi shekara talatin yana busa begila a bukukuwan birninmu Bhopal, kuma duk shekarun nan a ƙasan benena yake haya, saboda haka kada wani ya ce zai ba ni labarinsa. Na san tarinsa na asuba, na san ranar da matarsa Nasrin ta cika wa miya gishiri. Rabin matan unguwarmu da busarsa angwayensu suka zo ɗaukarsu. Waɗansu har yau ba su yafe masa ba.

Mutum ne mai kunya, irin kunyar da ke kai mutum ga talauci. In ka taka masa ƙafa, shi zai ba ka haƙuri.

Tukunya ce ta jawo masa. Wata yarinya mai jan baki ta kafa tebur a bakin kanti tana raba katin cin bashi na banki, duk wanda ya karɓa a ba shi tukunyar girki mai fito kyauta. Ya karɓa don Nasrin. Da katin ya sayi sabuwar begila ta rupi dubu goma sha takwas, mai sheƙi kamar haƙorin Makka. Yana cikin biya wata-wata sai korona ta zo, aka hana taron biki. Da biki ya dawo kuma, ya dawo da samari masu ɗora manyan lasifikoki a bayan mota, 'yan badujala suka koma sai wanda ya tuna da su. Biya ya tsaya. Bankin ya gaji da kira ya miƙa bashin ga wani kamfani na masu bin bashi, su kuma suka yi ta yi masa ƙari har ya haura dubu sittin.

To ni mijina marigayi bai bar mini gida biyu ba, amma ya bar mini sanin dokar bashi, don a guje wa masu binsa ya ƙare rayuwarsa, Allah ya jiƙansa. Na kira Ustad sama na zaunar da shi. Khala yake ce mini, wato inna.

“Buɗe kunnenka. In shekara uku ta cika ba ka biya ko sisi ba, ba ka sa hannu a komai ba, su kuma ba su kai ƙara ba, ƙofar kotu ta rufe musu. Saura kaɗan ta cika. Ka yi shiru kawai.”

“Khala, bashi ai bashi ne.”

“Na ce maka sadaka ce? Abin da ka ci ka biya in Allah ya hore, da kanka, a tsanake. Amma dubu arba'in ɗin da suka ɗora, ubansu ne ya busa maka begilar?”

Ya ce to. Kullum to yake cewa.

Su kuwa 'yan kamfanin sun fi ni iya lissafin wata. Sun yi shekaru suna barci a kan wannan ɗan bashi, sai da ya rage makonni suka farka. Ba su zo gida ba, don sun san da ni a saman bene da bokitin ruwan wanki. Sai suka tura wani mai suna Jawed, mai tumbi da turare mai hawa kai, ya je ya same shi a bakin aiki.

Bikin ɗan wani mai shagon gwal ne, irin aikin da Ustad ya daɗe bai samu ba. Da magariba ayarin ango ya taso, ango bisa farar goɗiya, masu fitilu a ka sun jeru gefe da gefe, Ustad a gaba cikin jar rigarsa mai igiyoyin zinariya. Sai ga Jawed a kusa da kunnensa, yana murmushi kamar ɗan'uwan amarya.

“Ustad, busa ta yi daɗi. Ka ga uban ango can? In je in gaishe shi, in gaya masa maganarmu?”

“Don Allah, ɗana, ba a nan ba.”

“Haba, ni ma aiko ni aka yi. Ba ni ko nawa ne, in nuna wa oga ban dawo hannu biyu ba.”

Ga inda raina ke ɓaci har gobe. Mutumin nan da ya zo tozarta shi, Ustad baƙo ya ɗauke shi. Ya ja shi rumfa ya sa aka zuba masa shinkafar biryani, tunda ba a zuwa biki a tafi da yunwa. Ya ciro ɗari biyar daga kuɗin liƙin da aka yi masa. Sannan ya lalube aljihu ya ɗora rupi ɗaya a kai, yadda muke yi wa duk wanda muka girmama, don kada hulɗa ta yanke. Jawed ya miƙo takarda, Ustad ya sa hannu, ya koma busarsa.

Da ya gaya mini washegari, har da fara'a yake faɗa, wai ya rabu da mutumin lafiya.

“Nawa ka ba shi?”

“Ɗari biyar da ɗaya, Khala.”

“Da ɗaya! Surukinka ne? Me ya sa ba ka rataya masa furanni ba, ka ce ya gaida mutan gida?”

“Ai ya ce na alheri ne kawai.”

“Ka tayar da agogon daga farko, sakarai! Shekara uku sabbi ful ka saya musu, har da biryani a kai!”

Hulɗa kuwa ba ta yanke ba. Sammaci ya zo. Mutanen da suke rantsuwa ba sa ɓata lokacin lauya a kan ƙaramin kuɗi, da takardar nan ta shiga hannunsu sai lokaci ya samu. Aka tura maganar zaman sulhu na kotu, na bi shi da sandata. Lauyan kamfanin, yaro ƙarami da ko gemu bai gama fito masa ba, ya ce don tausayi za su karɓi dubu talatin. Na ce masa Allah ya ba uwarsa irin wannan tausayin. Aka ce in fita. Ina waje Ustad ya ce to.

Begilar ya sayar, da tsohuwar da sabuwar, ya haɗa da 'yan kunnen Nasrin. Na ce ya bar kuɗin haya na wata shida, ya ƙi, wai ba zai ƙara cin bashi ba. Wurina ne kaɗai ya iya cewa a'a.

Har yanzu yana fita biki. Fitila yake ɗauka a ka, a layin gefe, tare da waɗanda ake biya kuɗin yini. Ran nan ayari ya bi ta ƙofarmu na leƙa ta taga. Wani saurayi ne a gaba da begila yana ɓata waƙar da Ustad ya fi iyawa, shi kuwa yana baya da fitila a ka, kumatunsa na kumbura suna sacewa daidai inda ya kamata a busa. Na rufe tagar da ƙarfi har gilashin ya tsage.

Tukunyar dai tana nan. Duk rana tsaka ina jin ta daga sama, ita kaɗai ta rage mai busa a gidan.