Gangar da Ɗiyata Ta Buɗe

Ɗiyata ta fari ce ta kira ni, ta ce in zo Lyon in ga aikinta. Na rufe kantina da ke unguwar Barbès ranar Asabar, ranar da kasuwa ta fi ci, na hau jirgin ƙasa da babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na san ta karanta ilimin ƙananan halittun da ido ba ya gani, kuma na cika abokan kasuwa da labarin a ɗakin bincike take aiki. Ban taɓa tambayar wane iri ba. Tun da na yi mata faɗa kan wani saurayi ta ɗauke mini ƙafa, har waya ta daina ɗauka na tsawon lokaci, na koyi kama bakina.

Wani tsohon sito ta kai ni, can bayan unguwar Vénissieux. Tun daga ƙofa hancina ya gaya mini giya ake yi a ciki. Ga gangunan katako jere bisa juna, ga sanyi, ga wasu Turawa biyu masu gemun da ya fi na limaminmu, suka miƙo mini hannu da fara'a.

Ita kuwa baki har kunne, tana ta bayani. Wai su ba sa zuba yis na saye. Ruwan sha'ir suke dafawa su bar shi a buɗe, iska ta kawo nata yis ɗin, sannan su rufe a ganga su yi ta jira.

"Kamar yadda Inna ke barin gasara ta yi tsami, Baba," in ji ta. "Wagga gangar ni ka kula da ita tun zuwana. Yau za mu buɗe ta, shi ya sa na ce ka taho."

Ta zare wata ƙusa daga jikin gangar, ruwa mai kalar zuma ya tsiyayo cikin kofin gilas, ta ɗan ɗosana ƙusar a bakin ramin. Ta shinshina, ta kurɓa. Na zuba wa maƙogwaronta ido ina roƙon Allah ta tofar. Ta haɗiye.

"Ba sai ka sha ba. Ka ji ƙamshin kawai," in ji ta, tana miƙo mini kofin.

Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya karɓa. Tsami-tsami ne, irin na jiƙaƙƙiyar tsamiya, da ƙamshin tsohon itace. Abin haushi, ko warin da zan fake da shi in ɓata rai ban samu ba.

Sai ta tsaya gabana ta ɗan sunkuyar da kai. Na gane abin da take jira. A gidanmu duk abin da yaro ya yi da hannunsa ya kawo wa babba, ko tuwon farko ne da ya yi gudaji, sai an sa masa albarka. Na nemi addu'ar, ta ƙi fitowa a kan giya. Faɗan kuma yana nan a bakina, amma na san in na sake shi na rasa ta. Ni da ake jin muryata daga ƙarshen kasuwa, na tsaya riƙe da kofi ina jin tausayin kaina.

"Wurin nan da sanyi," na ce. "Ki riƙa sa rigar sanyi."

Ta ɗago kai ta dube ni, ta ce to. Ta karɓi kofin daga hannuna, ta juya ta mayar da ƙusar. Ta daɗe tana bubbuga ta bayan ta riga ta shige.