Turmin Mama na Sama

Mahaifiyata ba ta taɓa yarda likita ya leƙa bakinta ba sai da ta tsufa. Muna yara a wani ƙauye da ke gindin dutsen Kagoro, in haƙori ya dame ta sai ta daka kanumfari ta cusa a ramin, ta ɗaure kai ta tafi gona. Mun san dalili sama-sama. Tana da yaya mace wadda ciwon haƙori ya kama tun kafin a haife ni, aka kai ta asibiti, ba ta dawo da rai ba. A gidanmu abin da ake faɗa shi ne likita ya taɓa mata haƙori ta mutu.

Ina koyarwa a Kafanchan lokacin da wani turmin haƙorinta na sama ya tashi da gaske. Ƙanena ne ya kira ni ya ce Mama ta daina zuwa zumuntar mata, abinci ma sai kunu mai ɗumi-ɗumi, kuma wata maƙwabciya ta ce a ɗiga mata ruwan batir. Washegari na hau mashin na je. Na same ta zaune a ƙofar ɗaki, hannu a kunci, ta rame.

Na ce, "Mama, ki shirya mu tafi."

Ta ce, "In cirewa za a yi, zan je. Ban da wannan ba na so."

A wani asibiti a Kafanchan muka samu likita mace, mai magana a hankali. Ta ɗauki hoton haƙorin, ta nuna mana yadda ruɓa ta ci har ta kai jijiya. Ta ce haƙorin bai lalace duka ba, za a iya tsirar da shi: a huda, a cire jijiyar da ta ruɓe, a wanke ramin, a cike shi. Ta ce cirewa ma hanya ce, amma Mama ta riga ta rasa turame a ɗaya gefen, in aka cire wannan tauna za ta yi mata wuya.

Mama na jin kalmar jijiya ta miƙe ta gyara zani.

Ta ce, "Shi ne wanda ake kashe jijiya? A'a, ɗiyata. Jijiyar haƙorin sama da ido take haɗe. Matan cocinmu sun gaya mini."

Ni kaina ban tsira daga irin wannan ba. Wata abokiyar aikina ta taɓa turo mini bidiyo a waya, wani mutum yana cewa haƙorin da aka yi wa wannan aiki gawa ce a baki, yana kawo ciwon daji. Na faɗa wa likitar ina ɗan jin kunya. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ta sha jin wannan, kuma ba a samu hujjar da ta tabbatar da shi ba. Ta ɗauko wani haƙorin roba mai buɗewa biyu, ta nuna wa Mama ɗan siririn ramin da ke ciki, ta ce iyakar inda za ta taɓa ke nan, kuma ba ta nan ido yake gani ba. Ta ce abin tsoro shi ne a bar ruɓar tana tara mugunya.

Mama dai tana tsaye. Sai likitar ta ce, "Mama, wa kika sani da aka yi wa aikin haƙori abin ya ɓaci?"

Mama ta koma ta zauna. A nan na fara jin labarin yayarta daga farko har ƙarshe. Ta ce ciwon ya daɗe, ana ta jiƙe-jiƙe, har fuska ta kumbura, kumburin ya sauka wuya, ruwa ma ba ya wucewa, ga zazzaɓi. Dattawa suka ce a bari a gida. Mama ce, tana budurwa a lokacin, ta yi ta kuka har aka ɗauki yayar zuwa asibiti. Aka tsaga kumburin, ba ta kai safiyar da ta biyo ba.

Ta ce, "Ni na ce a kai ta. Da na yi shiru, wataƙila da tana nan."

Ban taɓa sanin tana ɗauke da wannan ba. Likitar ta jawo kujerarta kusa, ta ce, "Mama, ba na wurin, ba zan iya rantsewa ba. Amma yadda kika kwatanta, ciwon ya riga ya bar haƙori ya shiga jiki tun kafin ku isa. Ba kai ta da kika yi ba ne ya kashe ta. Kin yi daidai, lokaci ne ya ƙure."

Mama ta daɗe tana kallon ƙasa, tana share ido da bakin ɗankwali. Can ta ce in bari ta yi addu'a. Ta yi da yarenmu, gajeriya, ta ce amin, ta hau kujerar da kanta.

Allurar kashe zafi ce kawai ta sa ta matse mini hannu. Bayan nan sai ƙarar inji da wasu siraran ƙarafa kamar allurar ɗinki. Na lura tana rufe ido ɗaya ta buɗe, ta rufe ɗayan. Likitar ma ta gani, ta ce, "Kina ganina, Mama?" Mama ta ɗaga babban yatsa. Da aka gama ta ce ita fa ba ta ji lokacin da aka kashe komai ba.

Ta zauna a wurina har aka kammala, don sai da muka koma aka cike ramin, daga baya aka sa wa haƙorin hula. Wurin ya ɗan yi mata tsami da farko, ta sha maganin da aka rubuta, ya wuce.

Da ta koma ƙauye ba kowa ya gamsu ba. Wasu matan sun ce a dai jira, irin wannan abu ba ya nuna kansa da wuri. Ƙaninta ma, da nasa haƙorin ya tashi, cirewa ya je aka yi, ya ce shi ba a wasa da jijiyarsa. Mama ba ta yi musu da kowa ba. Ta dai raka shi har asibitin, ta zauna a benci tana jiransa, suka hau mota ɗaya suka koma gida.