Muryar Inna a Faifan Bello

Yau shekara tara ke nan da 'yan bindiga suka tare motar da Bello ya shiga a hanyar Anka zuwa Gummi, ya rasa ransa. Ɗan ƙanen mahaifina ne, tare muka tashi. Yana da ɗan shago a bakin kasuwar Gummi, inda yake kwashe bidiyon biki da suna daga kaset yana zubawa a faifai.

An san shi da taurin kai a kan abu guda, wato sauti. Idan bidiyo ya fi ƙarfin faifai, sauran masu sana'ar sukan matse murya don hoto ya fito tas. Shi kuwa gara ya rage hoton. Yakan ce fuskar mamaci kana ganinta a jikin jikoki, murya kuwa in ta tafi, ta tafi.

Ni ban ji ba. Na kai masa kaset uku na sunan ɗiyata Hauwa, wanda aka yi a Nasarawa Burkullu. A ciki akwai inda Inna, mahaifiyata, take yi wa jaririya waƙar reno. Lokacin an fara tashin ƙauyuka, sai na ce faifai ɗaya nake so, wanda zai shiga aljihu in gudu ya kama. Ya nuna mini lambobi biyu a kwamfuta, ya ce babbar ce ke riƙe murya yadda Allah ya yi ta. Ni kuwa a lokacin ko sunana ban iya karantawa.

"Yaya, in na matse wanga sauti, daga cikin rijiya za ka riƙa jin Inna."

Na ce ya matse. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Kaset ɗin sun ƙone tare da ɗakinmu, Inna ta rasu muna gudun hijira a Anka. Da Hauwa ta yi wayo na kunna mata faifan, ta tambaye ni ko kakarta mura take yi kullum.

Nakan yi tunanin abin da Bello zai ce da ya ga yau. Faifai ya mutu. Murya na yawo daga waya zuwa waya, kowa na ƙara matse ta, har saƙon neman kuɗin fansa ma a haka yake zuwa mana, kamar ana magana cikin gwangwani.

Bayan rasuwarsa matarsa ta ba ni leda cike da faifai masu rubutu. Na ajiye, ina zaton na masu biki ne. Rashin sani ya fi dare duhu. Sai da na shiga ajin yaƙi da jahilci, gemu ya yi fari, sannan a daminar bara na haɗa baƙaƙen da ke jikin wani faifan da yatsa: "Waƙar Inna. Sauti kawai. Ban matse ba."

Na zagaye Gummi kafin in sami na'urar kunna faifai wurin wani mai gyaran rediyo. Zafin shekaru ya riga ya ci faifan. Abin da ya rage bai kai minti ɗaya ba, amma har numfashinta ana ji tsakanin baiti da baiti. Hauwa ma ta saurara.

Shagon Bello ya zama na mai cajin waya, kabarinsa ma ban san inda yake ba. Wannan guntun minti shi ne gadon da ya bar mana. Mai gyaran ya ce zai tura mini a waya, zai rage nauyinsa don ya wuce da sauri. Na riƙe hannunsa.

"Ko zai kai gobe, kada ka matse."

Allah ya jiƙan Bello, ya jiƙan Inna.