Tagar Hermine

Leopold Haslinger ya tsufa a bakin injin zuba roba, a masana'antar garinmu da ke ƙera jikin ƙananan bindigogi. Poldi muke ce masa. Ga taurin kai ga tsokana, amma duk abin da ya fito daga hannunsa ba a dawo da shi.

Sai ga shi a hunturun bara kayan injinsa sun fara karkacewa. Su fito da zafinsu sumul, a jera su a tebur su huce, a dawo a tarar sun lanƙwashe gefe guda. Ya sake busar da ƙwayoyin robar, ya wanke hanyoyin ruwan da ke sanyaya injin, duk a banza. Shugaban sashenmu ya ce in abin ya ci gaba, sito za a mai da shi ɗaukar kwali.

Gaskiya ya ba ni tausayi. Muna shan kofi ya ce mini, "Traudl, kar ki rufe ni. Na ƙare ko? Ido ne ko ƙwaƙwalwa?"

"Bakinka dai bai ƙare ba," na ce. Bai yi dariya ba.

Ana haka mura ta kwantar da Hermine, mai duba kaya da aka dawo da ita sashenmu farkon sanyi. Makon da ba ta nan, ko ɗaya bai karkace ba. Ran da ta dawo, tana ajiye jaka ta wangale tagar da ke saman teburin, iskar ƙanƙara ta faɗa kan robar da ke huci. Mun sha ganin tana yi, ba wanda ya kawo komai a ransa, don a gidajenmu ma haka muke ba ɗaki iska kowace safiya.

Poldi ya dubi tagar, ya dubi teburin. "Hermine! Ke ce ashe!"

"Ni ce me? So kake warin robarka ya kashe mu, tsoho? Ɗakin da bai sha iska ba ai kabari ne."

Mun zaci zai tada masifa. Sai ya zauna a benci, ya rufe fuska da tafukansa.

"Ba ni ba ne," ya ce. "Traudl, kin ji? Ba ni ba ne."

Ran nan na fara ganin hawayensa. Da ya share su, ya ce da ita, "Ki buɗe duk tagogin duniya, 'yar'uwa. Ki bar mini wannan ɗaya a rufe."