Buzun Baba da Kujerun Kano

Mijina malamin daji ne a Tudun Wada zamanin En'e, 'yan shekaru kafin Turawa su tattara nasu ya nasu. Aikinsa hana mutane saran itace a dajin Falgore. Mutumin kirki ne, ba zan zalunce shi ba ko bayan ransa, amma yana da wani ciwo: duk abin da ya gani a gidan wanda ya fi shi, ba zai sake barci mai daɗi ba sai ya mallaki irinsa.

A lokacin mahaifinsa yana tare da mu. Da surukata ta rasu, sai da Malam ya yi ta jeka-ka-dawo zuwa ƙauyensu kusa da Ɗansoshiya kafin tsohon ya yarda ya biyo shi, kuma da sharaɗi. "Ni ba mai jego ba ne da za a ajiye ni a ɗaka," in ji shi. "In da inda zan shimfiɗa buzuna in ga mutane, zan zauna. In babu, ka bar ni inda ka same ni." Aka ba shi zaure. Nan yake wuni yana tufkar igiyar rama, butarsa a gefe, kuma kafin a jima zauren ya zama majalisa. Tsofaffin unguwa, Fulanin da suka shigo cin kasuwa, masu neman a raba musu gardamar iyakar gona, kowa sai ya tsaya wurin Baba. Ni da nake ciki ina jin dariyarsu har madafa, kuma ina jin daɗinta.

Sai Malam ya je taro Kano, ya shiga gidan babban malamin daji, ya ga kujerun kushin.

Ya dawo ba shi da zance sai nasu. Ya ba wani kafinta a Sabon Gari aiki: doguwa ɗaya mai ɗaukar mutum uku, ƙanana biyu, katakon maɗaci, kushin cike da audugar rimi. Har ƙyallayen yadi ya kawo mini wai in zaɓa. Na nuna mai duhu saboda dauɗa, ya gyaɗa kai kamar ya ji, ya je ya zaɓi ja mai furanni. Na ce, "Malam, wa zai hau su?" Ya ce, "Ke dai ba ki san zamani ba." Ban sani ba kuwa. Abin da na sani shi ne zaurenmu zagayayye ne, ƙofarsa kuma ko jaki da mangala sai ya karkace.

Ranar da babbar mota ta sauke su a kan buhunan gishiri, rabin gari ya biyo su har gida. Ƙananan suka shiga. Doguwar ta ce atafau. Aka juya ta a tsaye, aka juya ta a kwance, aka murje mata ƙafa ɗaya a banza, ƙarshe aka kira magini ya sassare bakin ƙofa, zauren ya koma kamar bakin mai giɓi. Da ta shiga kuma sai ta ƙi bango, domin miƙaƙƙen abu ba ya kwanciya a jikin lanƙwasasshe. Gefe da gefe suka taɓa, tsakiya ta bar rami a baya, wanda kajina suka gode masa ƙwarai.

Malam ya kwashe kwanaki yana jan kujeru. Ya sa doguwar tana kallon ƙofa, ta tare hanyar shiga gida, mata masu tulu suna raɓawa kamar ɓarayi. Ya mai da ita gabas, ta tsaya a gaban Baba in zai yi nafila. Ya jera su ukun suna fuskantar juna yadda ya gani a Kano, sai buzun Baba ya rasa wuri, aka matsa da shi kusa da ƙofa inda ake tuɓe takalma. Tsohon ya ja ramarsa ya ci gaba da tufka.

Da aka gama, Malam ya durƙusa ya ce, "Baba, a hau a sa mata albarka." Baba ya dubi doguwar, ya yi bismilla, ya zauna. Kushin ya haɗiye shi. Gwiwoyinsa suka taso har kusa da gemu, rawaninsa ya zamo gaban goshi, ya nemi tashi ya kasa. Mutumin da ko sanda bai yarda ya riƙe ba, sai da aka kama hannuwansa biyu aka cire shi a gaban jama'a. Ya gyara rigarsa ya ce, "Madalla. Ta yi laushi." Ya koma buzunsa, bai sake kallonta ba.

A nan ne abin da Malam bai lissafa ba ya fito, abin da ko yaron goye a garin ya sani. Uba yana ƙasa, wa zai ɗare sama? Baƙo ya shigo, Malam ya nuna masa kujera, baƙon ya dubi Baba a kan buzu, ya ce, "A'a, nan ma ya isa," ya tsugunna. Shi kansa mai kujerun haka yake rakuɓewa a gindin tasa, ya jingina da ƙafarta, yana shafa yadin a sace. Mutane suka cunkushe a ɗan filin da ya rage, kujeru uku suna zaune a kansu kamar su ne masu gidan. Abin da kujerun suka ɗauka bai wuce huluna da ƙunshin goro ba. Ni kuwa kullum da safe sai na kakkaɓe su, ina tsaki.

Sai labari ya zo cewa babban malamin dajin zai fito rangadi, zai kuma biya ta gidanmu. Malam ya rasa sukuni. Na san abin da ke cinsa: in Baba yana ƙasa, baƙon ma ƙasa zai zauna, ya koma Kano bai san an hau kujera a Tudun Wada ba. Na ce, "Malam, kada ka yi abin da nake gani a idonka." Ya ce in kula da tukunyata.

Da hantsi ina bayan zana na ji shi. "Baba, yau zauren zai yi hayaniya, ga zafi. Da an shiga ciki an ɗan huta." Sannan Baba ya ce, "To." Ya naɗe buzunsa da kansa, ya ɗauki butarsa, ya wuce ni ina durƙushe, ya shiga ɗakin da ya ce ba za a ajiye shi ba.

Baƙon ya zo, ya zauna a doguwar, ya sha fura, ya yi ƙorafin hanya. Ko shafa kujerar bai yi ba. Da zai tashi ne ya ce irin waɗannan suna tara kuɗin cizo, shi har ya bayar da nasa. Malam ya yi ta dariyar yaƙe har mota ta ɓace.

Ranar kasuwa Baba ya bi masu jakai 'yan ƙauyensu, wai zai je ya dubo 'yarsa. Malam ya bi shi har bayan gari yana ba shi haƙuri. Abin da ya samu kawai shi ne, "Ba ka yi laifi ba. Gidanka ne. Ka je ka zauna."

Ya zauna kuwa. Ya hau doguwar, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya fuskanci ƙofarsa mai giɓi yana jiran baƙi. Masu wucewa sukan yi sallama daga waje su tambayi labarin tsoho, su wuce. Ashe ba wanda ya taɓa zuwa domin Malam. Na ji haushinsa ƙwarai a kwanakin nan, na kuma ji tausayinsa, abin da ya ƙara mini haushi.

Baba ya rasu da damina, koguna sun cika, labari bai iso mu ba sai bayan an binne shi. Da aka raba 'yan kayansa, ƙanwar Malam ta aiko masa da buzun. Ya ja doguwar kujerar gefe shi kaɗai, ya shimfiɗa shi a wurinsa na farko. Daga ranar ya koma tsugunno a ƙasa, kuma har gara ta cinye ƙafafun kujerun nan ban sake ganin ya hau ko ɗaya ba.